Mutuwar Mota Bayan Shan Mai

Mutuwar mota bayan shan mai matsala ce da aka fi gani a tsofaffin motocin fetur: motar tana aiki lafiya ƙalau, a shiga gidan mai a zuba mata, daga nan sai ta ƙi tashi, ko ta tashi tana karkarwa ta mutu, ko ta ɗan yi tafiya ta tsaya. Yawancin direbobi gidan man suke fara zargi, bakanike kuma ya fara da canza famfon mai. Sau da yawa dukansu kuskure suke yi. Abin da ke nuna inda ciwon yake shi ne lokacin da motar ta mutu: a gaban famfon gidan mai ne, ko bayan 'yan kilomitoci, ko kuwa sai da aka yi nisa.

Hanyar tururin mai

Fetur yana fitar da tururi ko da a cikin tanki yake, musamman lokacin zafi. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana motoci sakin wannan tururi cikin iska, Turai ma ta bi baya. Saboda haka aka haɗa tanki da wani gwangwani cike da gawayi na musamman, wanda makanikai ke kira kanista. Gawayin yana riƙe tururin har injin ya yi zafi, sannan kwamfutar mota ta buɗe wani ƙaramin bawul na lantarki da ke tsakanin kanista da manifol (bututun da ke raba iska zuwa silindojin injin), injin ya zuƙe tururin kaɗan-kaɗan ya ƙone shi. Sunan tsarin gaba ɗaya EVAP. Motocin da ake shigowa da su na hannu daga Amurka da Turai, irin su Camry, Accord, Corolla da Golf, suna ɗauke da shi, ko da mai motar bai taɓa jin labarinsa ba.

Idan ta ƙi tashi a gaban famfo

Ƙa'idar wannan bawul ita ce ya kasance a rufe duk lokacin da injin ke kashe. Idan ya tsufa, ko ƙwayar gawayi ta maƙale a bakinsa, sai ya tsaya a buɗe. Lokacin da mai ke shiga tanki yana kore tururin da ke ciki: an zuba lita 40, kusan lita 40 na iska mai cike da tururi ce za ta nemi mafita. Da bawul ɗin a buɗe, wani kaso nata zai wuce kai tsaye ya cika manifol. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai a bisa nauyi. Idan aka murza makulli, injekta za ta ƙara nata man a kan tururin da ya riga ya taru, mai ya yi wa iska yawa, fulogi ya kasa kama wuta.

Alamun a bayyane suke. Kik yana juyawa da ƙarfinsa amma injin ba ya kamawa sai an daɗe. In ya kama sai ya yi ta jijjiga, salansa ta fitar da baƙin hayaƙi da warin ɗanyen mai, bayan minti ɗaya ko biyu komai ya daidaita kamar ba a yi ba. Motar ba za ta sake yi ba sai ranar da aka koma gidan mai. Wannan maimaituwar ita ce babbar shaida, domin famfon mota da ya gaji ba ya zaɓar rana.

Don fita daga layi, a taka totur har ƙasa a riƙe shi, a murza makulli na kamar daƙiƙa 10. A yawancin motoci masu injekta kwamfuta tana yanke mai idan ta ga haka, iska zalla ta shiga ta share silinda. Da injin ya kama sai a sassauta ƙafa. Idan bai kama ba a huta rabin minti kafin a sake, kada kik ya ƙone.

Gwajin bawul ɗin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Galibi yana cikin bonet kusa da manifol, da tiyo biyu da soket mai waya biyu. A cire soket ɗin, a zare tiyon da ya fito daga wajen kanista, a tayar da injin ya tsaya a silo, sannan a ɗora yatsa a bakin bawul ɗin. Idan aka ji yana zuƙar yatsa, a buɗe yake, ya lalace. Ana kuma iya cire shi gaba ɗaya a hura masa iska: lafiyayye ba ya barin komai ya wuce sai an ba shi wutar batir ta bolt 12, a ji ya yi ƙas. Wanke shi da feshi kan taimaka na ɗan lokaci ne kawai, canzawa ita ce magani. Motocin Amurka daga 1996 da na Turai masu fetur daga 2001 suna da wurin jona na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari. Lambobin da na'urar ta fi nunawa a wannan matsala su ne P0441, P0496 da P0172. Ta ƙarshen tana nufin mai ya yi yawa a haɗin.

Akwai ɗabi'ar da ke kashe wannan tsari, kuma ta yaɗu sosai: cika tanki har baki. Bakin famfon gidan mai yana tsayawa da kansa ne don a bar sarari a saman tanki. Idan aka ci gaba da matsawa don kuɗin ya cika cif, ko aka girgiza motar don ta ƙara ɗauka, ruwan fetur yana gangarawa ta tiyon tururi ya shiga kanista. Gawayin da aka yi don tururi sai ya jiƙe, ya farfashe, ɓurɓushinsa ya bi tiyo ya toshe sabon bawul ɗin da aka saka. Shi ya sa duk wanda ya ga baƙaƙen ƙwayoyi a cikin tiyo dole ya duba kanista ita ma. Wadda ta yi nauyi ko take ɗigar mai ta gama aiki. A canza ta, a hure tiyoyin da iskar kwamfuresa bayan an cire su daga tanki. Wasu makanikai sukan toshe tiyon da ƙusa su ce an gama. Motar za ta daina mutuwa a gidan mai, gaskiya ne, amma warin mai zai dawo, fitilar injin ta tsaya a kunne, wata matsalar in ta zo ba za a gane ba.

Idan ta mutu bayan 'yar tafiya

Motar da ta tashi lafiya, ta yi kilomita 1 zuwa 5 sannan ta fara tari da fizga, abin da ya shiga tanki ake tuhuma. Tafiyar farko da tsohon man da ya rage a tiyo da filta ta yi ta.

Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda famfo ke zuƙa. Yana shiga ta tankin ƙasa na gidan mai a lokacin damina, ko ta jarkar 'yan bumburutu da ba a tsane ba. Idan man yana ɗauke da sinadarin itanol ko mitanol, ruwan yana janye shi su kwanta tare a ƙasa. A watan Fabrairun 2022 hukumomin Najeriya sun janye fetur da aka shigo da shi saboda mitanol ɗinsa ya wuce ƙa'ida, bayan masu motoci sun yi ta kokawa. Gwajin mai sauƙi ne: a tatsi kamar rabin lita daga tiyon da ke zuwa injin a zuba a farar kwalba, a ajiye minti 15. Idan aka ga layi ya raba shi gida biyu, ko man ya yi dishi-dishi, a sauke tanki a zubar da abin da ke ciki, a canza filta. Ƙara mai mai kyau a kai ba ya kawar da ruwan.

Datti ma haka. Tankin ƙarfe da ya shekara 20 yana da tsatsa da laka kwance a ƙasansa, ƙarfin zubar mai ya tayar da su, su liƙe a ragar da ke bakin famfo. Idan aka kashe motar ta ɗan huta, dattin ya saki, ta sake tashi, ta yi gaba kaɗan ta kuma mutu. A nan ne ya kamata a auna ƙarfin turin mai da geji kafin a yanke wa famfo hukunci. Yawancin tsofaffin motoci masu injekta suna aiki da matsin da ya kai kusan 3 zuwa 3.5 a ma'aunin bar, amma a duba adadin da kamfanin ya rubuta wa kowace mota. Idan allurar geji tana faɗuwa da an ba da wuta, a fara da filta da raga. Kafin a kwance kowane tiyo a cire fiyus ɗin famfo, a bar injin ya mutu da kansa don matsin ya sauka. Kada a yi aikin kusa da wuta ko sigari, kada kuma a zuƙi fetur da baki.

Idan aka yi kuskuren zuba man gas, farin hayaƙi da warinsa za su faɗa. Kada a sake murza makulli, a ja motar a kwashe tankin.

Idan sai an yi nisa

Yayin da famfo ke kwasar mai, dole iska ta shiga tanki ta maye gurbinsa. Idan hanyar iskar ta toshe da ƙura ko gidan zanzaro, ko aka sa murfin da ba nata ba, tankin yana tsotsewa har famfo ya kasa ja. Abin ya fi saurin faruwa a cikakken tanki, saboda sararin iskar kaɗan ne. A buɗe murfin da zarar ta mutu: idan aka ji iska ta ruga ciki, motar kuma ta tashi nan take, an gano wurin.

Motoci masu kafireta

Fijo 504 da 505 da aka haɗa a Kaduna, da sauran sa'o'insu masu kafireta, nasu salon daban ne, kuma sau da yawa man da aka sha ba shi da laifi ko kaɗan. Tsayawar ce. Idan aka kashe injin mai zafi, fanka da ruwa sun daina zagayawa, zafin cikin bonet ya ƙaru na mintuna da dama. Wani sashe na fetur yana fara tafasa tun wajen digiri 40 na Salsiyos, a watan Afrilu kuwa inuwa kanta takan kai haka a Sakkwato ko Maiduguri. Man da ke cikin kwanon kafireta ya tafasa ya malala cikin manifol, ko na cikin tiyo ya zama tururi, famfon da injin ke juyawa ya rasa abin ja. Tsumma jiƙaƙƙe da direbobin haya ke ɗorawa kan famfo yana aiki ne saboda yana mayar da tururin ruwa. Gyaran dindindin shi ne a nisanta tiyon mai daga manifol ɗin salansa, a mayar da faifan kare zafi da ke ƙarƙashin kafireta idan an cire shi, a daidaita fulot (abin da ke yawo a kan mai cikin kwanon kafireta yana tsayar da shigarsa in ya cika), a canza allurarsa idan tana yoyo.

Zafin tsayawa yana taɓa kwayil da na'urar da ke karanta juyawar karanshaf a motoci masu injekta ma. Hanyar rarrabewa ɗaya ce: bayan doguwar tafiya a kashe motar minti 10 ba tare da an sha mai ba. Idan ta ƙi tashi, a bar tanki a koma duba wuta da zafi. Idan ta tashi lafiya, a koma kan bawul da kanista.