Gawayin tace iska: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Gawayin girki zai yi?

A'a. Sarrafaffen gawayin da ake sakawa a matatar tace iskar ɗaki ake nufi. Ƙoƙon kwakwa, itace ko kwal ake ƙonawa, sannan a huda shi da tururin ruwa a zafin digiri 800 zuwa 1000 na ma'aunin Selshiyas. Ramukan da ke cikin giram ɗaya kan kai faɗin murabba'in mita 1000. A nan tururin fenti, gam da fetur ke maƙalewa.

Yana kama ƙura?

Ba aikinsa ba ne. Na matatar HEPA ne, wato matata ta daban mai kama ƙananan ƙwayoyin ƙura.

Hayaƙin inji fa?

Kada ka kuskura ka dogara da shi! Kabon monoksayid, iskar gubar da ke cikin hayaƙin inji, ratsa gawayin take yi ta wuce. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kisa.

Yaushe zan canza shi?

Wannan kam sai an zauna. Gawayi ba ya kashe guba, tara ta yake yi, kuma rumbunsa cika yake. Tsawon ransa ya danganta da nauyinsa, yawan tururin da ke ɗakin, zafi da danshi. Idan laimar iska ta haura kashi 50 ko 60 cikin ɗari, ruwa ne ke riga sinadaran shiga ramukan. Siririyar matata da aka barbaɗa wa garin gawayi nan da nan take cika. Mai kilo biyu ko uku ta fi daɗewa. Wasu na cewa a jira sai wari ya dawo. Ban yarda ba. Hanci sabawa yake yi, kuma sinadarin benzin, wanda ke haddasa cutar dajin jini, yana illa tun kafin a ji warinsa. Abin da ya fi damuna shi ne cikakken gawayi na iya amayar da abin da ya haɗiye idan ɗaki ya yi zafi. Rubuta ranar da ka saka shi, ka bi wa'adin da aka rubuta a kwalinsa, idan an yi sabon fenti kuma ka canza da wuri.

In shanya shi a rana ya koma sabo?

Danshi rana za ta fi fitarwa. Masana'antu da tururi mai zafi suke farfaɗo da nasu. Sayi sabo.

Warin sabbin kujeru da katako fa?

Sau da yawa wani sinadari ne da ake kira fomaldehayid, kuma gawayi zalla ba ya riƙe shi sosai. Nemi matatar da aka haɗa da sinadarin fotasiyam famanganet. Kwantar da hankalinka, warin raguwa yake yi da lokaci. Kafin nan ka riƙa buɗe tagogi.