Filin Unguwa Ba Juji Ba Ne

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Gadarif, nan gabashin Sudan.

Tun da damina ta sauka, yaran da ake kawo mana cibiyar lafiya kusan labarinsu ɗaya ne. Wannan kwalba ta tsaga masa tafin ƙafa, wancan murfin gwangwani mai tsatsa ya yanke shi, mu wanke, mu ɗinke, mu yi allurar tetanus. Ka tambayi uwar a ina abin ya faru, ta ce a fili, wurin ƙwallo. Filin nan dai da kwamitin unguwa ke ta zama a kansa don a mai da shi wurin shan iska, shi ne kuke tura yara da bokitin shara su juye a ciki bayan magariba.

Don Allah ku daina. Na faɗa a masallaci, na faɗa a gidan suna, yau ma ina maimaitawa.

Ba ku manta da 2023 ba, shekarar da zazzaɓin dengue da kwalara suka haɗu mana a garin nan. Sauron dengue da rana yake cizo, kuma ba ya buƙatar tafki. Ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya ko gindin jarka ya ishe shi, cikin mako guda ko kwana goma ƙwai ya zama sauro. Hajiya, ke da kike share tsakar gidanki tsaf, ki turara ɗaki da bakhur, sannan ki aika sharar bayan katanga, sauron nan katanga ba ta tare shi. Jikanki zai samu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dattawanmu masu ciwon sukari da hawan jini. Kullum muna ce musu su riƙa tafiyar minti 30, kwana biyar a mako. Su taka a ina? Mai sukari ƙusa ɗaya ta soke shi, ba lalle ya ji ba, gyambon kuwa sai ya yi watanni bai rufe ba, wani har a kai ga yanke ƙafa. Ga kuma baƙinmu da yaƙi ya koro daga Khartoum da Madani, cikinsu akwai masu sanda, akwai masu keken guragu, suna cunkushe a ɗaki ɗaya ba inda za su fita su sha iska.

Shi ya sa na roƙi kwamiti a fara da hanya kafin komai. Kun san baƙar ƙasarmu: da rani ta tsage, da damina ta kama takalmi ta ƙi saki, balle tayar keke. A ɗaga hanyar da tsakuwa a daddaɓe ta, faɗinta mita ɗaya da rabi, ta zagaye filin. Ƙofar shiga kada a yi mata matakala, a yi gangare mai sauƙi, duk tudun santimita 10 a ba shi tsawon santimita 120. Tsakiya a bar ta sarari, yara su yi ƙwallo, a yi sallar Idi.

Bishiyoyi a gefe, darbejiya ta wadatar, a sa benci a inuwarta. Bishiyar miskit kada wanda ya kawo mana, ƙaya ce kuma idan ta kama ƙasa ba ta fita, mutanen Kasala shaida ne. Kada kuma a yi kurmin aduwa da dushe, don a irin ƙasarmu nan ne ƙudan da ke yaɗa kala-azar, cutar nan mai zazzaɓi da kumbura saifa, ya fi samun mafaka.

Amma duk wannan tsari, idan Baba ya fito da sandarsa ya tarar da leda da kashin jarirai a kan hanya, gida zai koma. Ya za a yi mu dasa itace da safe, ku zuba ruwan wanke-wanke da toka a gindinsa da dare?

Kafin a samu kuɗin tsakuwa, ga abin da ba ya cin ko fam ɗaya:
shara a buhu, a ɗaure baki, a jira mai karo, wato mai amalanke;
kwalba da gwangwani daban, kada a ba yaro ya kai;
taya da jarka a kife su ko a huda;
ramin da aka ɗebi ƙasar gini a cike shi.

Ranar Juma'a bayan sallar asuba akwai gayya. Samari ku zo da shebur da manjagara, kowa ya sa takalmi mai rufi, safar hannu za mu kawo daga cibiya. Yaro ƙarami kada ya biyo ku sai an gama tsince kwalaben.