Ƙwanƙwasar injin tsohuwar a-kori-kura

Ƙwanƙwasar inji ƙara ce ta bugun ƙarfe da ƙarfe, ko ta ƙonewar mai ba a kan lokaci ba, da ake ji daga cikin inji yana aiki. A garejojin Maradi an fi cin karo da ita a tsofaffin a-kori-kura masu jigilar buhuna da bisashe zuwa kasuwannin Dakoro, Tasawa da Madarunfa: Toyota Hilux mai injin gazuwal 2L, 3L ko 5L, mai injin esansi 22R, Land Cruiser mai 1HZ, da ragowar Peugeot 504. Sanadinta na iya zama abin da za a gyara cikin rabin awa, yana kuma iya zama abin da zai fasa inji. Saboda haka ba a kwance inji sai kunne da awo sun nuna wurin.

Makaniki yakan fara da tambayar direba: da sanyin safiya take yi ko bayan inji ya yi zafi? A tsaye ko a hawa da kaya? Sannan ya duba mai. Wasu ƙararrakin ma ba daga ciki suke ba. Idan aka cire bel ɗin fanka aka tayar da inji na minti guda ƙarar ta ɓace, laifin na famfon ruwa ne ko altanato. Daga nan a ɗora bakin dogon sukudireba a sassan inji, a kara mariƙinsa a kunne.

Ƙarar saman inji siririya ce, tik-tik, kuma saurinta rabin na juyawar inji ne, domin sandar da ke buɗe bawul sau ɗaya take juyawa a duk juyi 2 na kirankishaf, babban sandan da fistin ke juyawa a ƙasan inji. Yawanci tazarar bawul ce ta buɗe. A 22R, inji na da zafi, ana saita ta 0.20 na milimita a bawul ɗin shiga, 0.30 a na fita. Wannan injin yana da wata cuta tasa: madogaran sarkar taimin na roba sukan karye, sarka ta riƙa kaɗawa da an tayar, har ta cinye murfin gaba ruwa ya gauraya da mai.

Ƙarar fistin da ya yi sako-sako a silinda tana fitowa da sanyi, ta lafa idan ƙarfe ya ɗumama ya buɗe. Mota kan daɗe tana aiki a haka. A injin esansi kuma akwai ƙara kamar tsakuwa a gwangwani idan an taka a hawa: taimin ya yi gaba, ko man kwalba na bakin hanya ne mara kyau, ko inji na zafi, abin da ya yawaita a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40.

Wadda ake tsoro ita ce ƙarar ƙasan inji, ta metal, siririn ƙarfen da kirankishaf ke juyawa a cikinsa, wato kusine a bakin waɗanda suka koyi aiki da Faransanci. Tsakanin metal da kirankishaf tazara ce da ba ta wuce 0.02 zuwa 0.06 na milimita, mai ne ke cike ta. Ƙurar hunturu da ta tsallake tsohuwar matatar iska, jinkirin juyen mai, ko tafiya da mai ƙasa da alama, duk suna cin wannan metal. Metal na biyal, sandan da ke haɗa fistin da kirankishaf, bugunsa tsayayye ne, ƙwas-ƙwas, yana ƙaruwa idan mai ya yi zafi ya tsinke, an fi jinsa tsakanin juyi 2,000 da 3,000 a minti. Na babban metal, wanda ke riƙe kirankishaf a jikin inji, ya fi zurfi, dum-dum, sai an ɗora wa inji nauyi.

Ana gane silindar da ke da laifi ta hanyar kashe su ɗaya bayan ɗaya: a esansi a zare wayar fulogi, a gazuwal a sassauta notin bututun injekta, a rufe shi da tsumma, domin gazuwal mai matsi yana huda fata. Inda bugun ya ragu, nan ne. Sai dai a nan ake yawan kuskure, don injektan da ke ɗiga shi ma yana bugu iri ɗaya, shi ma yana yin shiru idan an kashe silindarsa. Maganin ruɗin shi ne a musanya injektan da na wata silinda. Idan ƙarar ta bi shi, an tsira daga kwance inji.

Ma'aunin matsin mai ne ke yanke hukunci. Ana ɗaura shi a ramin na'urar fitilar mai, inji na da zafi. Lafiyayyen inji yakan ba da kimanin bar 0.7 (awon matsi) a kowane juyi 1,000 a minti. A kuma tsiyaye mai a tasa a duba shi a rana, a yanka filta. Ƙyalƙyalin garin tagulla na nufin metal ya ci har ƙasa.

Zuba mai mai kauri yana rufe ƙarar na ɗan lokaci, ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi, kuma ci gaba da tuƙi na iya sa biyal ya huda bulok. A ja motar zuwa gareji. Idan kirankishaf ya yi zane, ana kai shi a goge a rage kaurinsa da 0.25 ko 0.50 na milimita, a sa metal daidai da awon, a wanke hanyoyin mai sarai, a duba famfon mai, sannan a ɗaure kusoshin biyal da sifana mai awo, ba da ƙarfin hannu ba.