Siffar Jacobson ta Matiris

Siffar Jacobson sura ce mai sauƙi da ake mayar da matiris zuwa gare ta, wato jadawalin lissafi mai layukan kwance da na tsaye, idan abubuwan da ke cikinsa sun fito daga zoben aljebra, wato tarin abubuwan da ake iya tarawa, ɗebewa da ninkawa, wanda a cikinsa a sau b ba lallai ne ya yi daidai da b sau a ba. Asalinta aikin da Henry Smith ya yi a 1861 ne a kan matiris na cikakkun lambobi, wanda ya ba da abin da ake kira siffar Smith. A 1933 Øystein Ore ya kafa nazarin folinomiya (jimlolin lissafi irin su x² + 3x + 1) da ba a musanya musu wuri a ninkawa, sannan Nathan Jacobson ya ɗora a kai a 1937.

Misalin da ya fi fito da batun fili shi ne zoben difarenshiyal, inda D ke nufin ɗaukar saurin canjin abu dangane da x. A nan Dx daidai yake da xD + 1, kuma wannan ɗayan da ya ƙaru shi ne tushen dukan wahalar, domin rabawa ta kasu biyu, ta hagu da ta dama, kowace da saurarta. Idan M ne matiris da ake son sauƙaƙawa, ana neman wasu matiris biyu, U da V, waɗanda ake iya warware aikinsu, ta yadda UMV zai zama sifili a ko'ina sai a layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa.

Idan ma'aunan da ke gaban D kasonni ne na folinomiyar x, sakamakon yana da ban sha'awa ƙwarai: layin yakan ƙunshi 1, 1, har zuwa abu guda f, sai sifilai idan akwai. Ma'anar haka ita ce tarin daidaitattun lissafin difarenshiyal masu alaƙa da juna ya dunƙule ya koma guda ɗaya. Sai dai, saɓanin yadda yake a siffar Smith, f ba ɗaya tilo ba ne. Hanyoyi biyu na iya ba da amsoshi mabambanta, ko da yake darajarsu a D, wato mafi yawan adadin da aka ninka D da kansa a cikinsu, ɗaya ce.

A aikace, matsalar ita ce kumburin ma'aunai, domin kowace ninkawa da D tana haifar da sababbin sassa, har ƙaramin matiris ya cika ma'ajiyar kwamfuta. Shi ya sa ake amfani da tushen Gröbner, wata dabarar sauƙaƙa tarin folinomiya da Bruno Buchberger ya gabatar a 1965, don guje wa kasonni yayin lissafi, kamar yadda ake yi a manhajar Singular ta Jami'ar Kaiserslautern da ke Jamus.