Hatsin da Ka Sayar da Kaka, Shi Za Ka Sayo da Marka

Daga watan Yuni zuwa Agusta, duk wanda ke aiki a ɗakin shan magani a ƙauyukan Kebbi ya san irin yaran da ake kawowa. Ɗan wata goma, ɗan shekara ɗaya da rabi, gashi ya yi ja ya yi laushi, a ɗaura masa igiyar awon dantse ta tsaya a kan ja, ƙasa da santimita 11.5. Wani kuma ƙafafunsa biyu a kumbure, ka danna da yatsa wurin ya lotsa. Ka tambayi uwar me yake ci, ta ce kunun gero, safe da yamma. Ina wake? An sayar. Gyaɗa fa? An sayar. Yaushe? Tun kaka. Kuma gidan manomi ne, wanda ya kai amalanke cike da buhuna kasuwa a watan Nuwamba.

Maigida, da kai nake. Wannan ɗabi'a ta kwashe amfanin gona kaf a kai kasuwa da zarar an sussuke, ita ce ke cika mana gadaje da yara masu tamowa. Ku daina, don Allah.

Kowa ya san yadda farashi ke tafiya a ƙasar nan. Gero na shigowa Satumba zuwa Oktoba, wake ya biyo baya, dawa ta rufe a Nuwamba da Disamba. A wannan lokaci kowa mai sayarwa ne, ga bashin taki, ga biki, ga kuɗin makaranta, sai kaya su yi wa masu saye yawa, farashi ya kwanta. Lokacin ne manyan 'yan kasuwa ke jera motoci a Jega da Argungu da Yawuri suna lodi. Ba su yi laifi ba, sana'arsu ce. Su ajiye a sito, su jira. Ruwan farko na sauka rumbuna sun fara yin ƙasa, kowa ya koma mai saye, hanyoyin ƙauye su lalace, kuɗin mota ya hau. Kafin marka, wanda ya noma geron da hannunsa yana tsugune gaban mai awo yana roƙon ragi.

Kuma ba buhu zai saya ba, don ba shi da kuɗin buhu. A nan asarar take ninkuwa. Ya sayar a buhu, a farashin sari, a kasuwar ƙauye inda ya fi ko'ina araha, aka cire la'adar dillali. Yanzu zai saya tiya ɗaya yau, rabi gobe, wata rana gwangwani biyu a shagon unguwa. Duk hannun da hatsin nan ya bi ya ɗora nasa: mai mota, 'yan dako, haraji, abin da ake miƙawa a shingayen hanya, hayar sito, ribar ɗan sari, ribar mai kiri. Shi ya sa abu ɗaya, rana ɗaya, kuɗinsa daban a ranar kasuwar Jega, daban a babbar kasuwar Birnin Kebbi, daban a shagon da ke ƙofar gidanka. Mai shagon ba mugu ba ne, shi ma a hannu na uku ko na huɗu ya saya, in kuma bashi ka ci, dole ya ƙara.

Sannan ga maganar ma'auni. Wanda aka karɓi hatsinka da shi da kaka, an cika shi har ya yi tozo. Wanda za a auna maka da damina, wani an bubbuga gindinsa ya shige ciki, wani a shafe bakinsa. Ka ji an ce wancan mai awon ya fi araha ka ruga, ka zo gida uwargida ta juye a kwanonta ta ga bai kai ba. Ku riƙa tafiya da ma'aunin gidanku. Ba abin kunya ba ne.

Shekarun nan ma sun isa su koya wa kowa hankali. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Bayan juyin mulkin Nijar a watan Yulin shekarar aka rufe iyaka, har zuwa Maris 2024, mutanen Kamba da Bagudo sun ji a jikinsu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Wanda ya sayar da komai a kakar 2023 ya sha wuya ba kaɗan ba. Sai kuma 2025 ta zo farashin hatsi ya faɗi, wasu da suka ɓoye kaya don riba suka tafka asara. To kar wani ya ce malamin asibiti ya ce a yi ɓoyon kaya. Caca da kasuwa ba ruwana da ita. Abin da nake cewa, cimakar gidanka ba hajar sayarwa ba ce. Ko farashi ya hau ko ya sauka, wanda abincinsa ke ɗaki bai yi asara ba.

Lissafin ba wuya. Tambayi uwargida tiya nawa take aunawa a rana, ita ta sani, kai ba ka sani ba. A ce biyu. A wata sittin ke nan. In buhunku na ɗaukar arba'in, buhu ɗaya da rabi a wata, goma sha takwas a shekara. Ka fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda ka ba ruwa da inji. Ka ware iri. Ka ware na ci har sabon gero ya shigo, ka ƙara buhu ɗaya ko biyu saboda baƙi da suna da rashin lafiya. Abin da ya saura, shi ne naka na kasuwa, shi ma ba dole a rana ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi wake ne da gyaɗa da waken suya. Wasu sukan bar gero da dawa, amma waɗannan, da yake sun fi kuɗi, ko ƙwaya ba a bari. Alhali su ne ke gina jikin yaro. Kunu tsura cika ciki kawai yake yi. A haɗa ma'auni shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban sama-sama, a cire ɓawon waken suyan, a niƙa tare. Kunun wannan gari ake ba yaro daga wata shida, tare da nono. Da me za a haɗa shi in an sayar da komai an sayi babur? Yaron da ƙafarsa ta kumbura kuwa, ko ya ƙi cin abinci, ba kunu za a tsaya yi ba, asibiti za a kai shi a ranar.

Na san amsar da za a ba ni: wake ba ya ajiyuwa, ƙwari za su mayar da shi gari. Yana ajiyuwa sarai. Kuma ba da Sniper ba. Wannan guba ce, saboda irinta Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015, ku kuma kuna yayyafa ta a abin da 'ya'yanku za su ci. Ƙwari iska suke shaƙa, a hana su iska su mutu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje don wannan aka yi shi. Jarka ko duro mai murfi da ke rufuwa gam ma suna yi.

Masu zama inda tsaro ya yi ƙaranci, irin wajen Danko-Wasagu da Sakaba, uzurinku karɓaɓɓe ne, barin hatsi a rumbu haɗari ne. Amma kai buhuna gidan ɗan uwa a cikin gari ya fi mayar da su kuɗi, don kuɗi ba sa kwana.

A taƙaice:

- A shanya sosai. Ciza ƙwayar, in ta fashe ƙaras ta bushe. Ko a zuba ta a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran laima.
- A bari ya huce kafin a ɗura. A duba ledar kar ta kasance da huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.
- Jarka a cika ta har wuya, kar a riƙa buɗewa. Wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshi a ciki, a'a.
- Buhu a kan katako, nesa da bango, saboda laima da ɓera.
- Tumatir da tattasai da kuɓewa a yanka a shanya da rani lokacin arha, kafin tsadar farkon damina. Albasar Aliero ma lokacin cirarta ake saye.
- Masu albashi da marasa gona, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi buhu da kaka ku raba.
- Ba da kaka kuwa, wato karɓar kuɗi da damina a biya da buhu, ku guje shi iyakar iyawarku. Mai ba da kuɗin ne ke yanke farashi, tun hatsin bai fitar da kai ba.