Ƙunar yaro ruwa take so, ba ɗanyen ƙwai ba

Sanyi ya fara shigowa, mu kuma ma'aikatan asibiti mun san abin da ke tafe. Daga yanzu har hunturu ya wuce, da wuya mako ya fita ba a kawo mana yaro da ƙuna ba. Wannan ya jawo bokitin ruwan wanka da aka ajiye kafin a sirka, wancan ya faɗa kaskon wutar jin ɗumi, wata ta ja filas ɗin shayi ya kife mata a cinya. Yawancinsu 'yan rarrafe ne da masu tatata. Tsautsayi ne, kuma ba na ɗora wa kowace uwa laifi, don yaro ƙiftawar ido kawai yake jira.

Abin da ke ɓata min rai shi ne abin da ake yi bayan ƙunar. Sai mu yaye zanin da aka naɗo yaro, mu tarar an fasa ɗanyen ƙwai a wurin ya bushe. Ko makilin. Ko manja, gishiri, toka, ƙullun koko, gashin zomo. Na ga baƙin mai da aka ɗebo daga garejin makanikai, na ga kashin shanu. Haba jama'a! Fata ta saluɓe, nama a buɗe, a ɗauko ƙazanta a cusa a ciki da sunan magani?

Ku sani, duk abin da kuka shafa sai mun cire shi kafin mu ga zurfin ƙunar. Makilin idan ya bushe kama nama yake yi. Gashin zomo kuwa sai dai a bi shi sili-sili ana tsincewa. Uwa ce ke riƙe ƙafafu, yaro yana tsala ihu har muryarsa ta dishe, ita ma tana hawaye, mu ma wallahi daurewa kawai muke yi. Wannan azabar ta biyu ba wuta ce ta jawo masa ba, hannun masu ƙaunarsa ne. Bayan haka ga ƙwayoyin cuta: ciwon da zai warke cikin mako biyu sai ya ruɓe, ya yi ruwa, zazzaɓi ya biyo baya. Toka da kashin shanu suna iya kawo ciwon sarƙe-haƙora, wanda yake kisa. Manja da baƙin mai kuma rufe zafin suke yi a ciki, naman ya ci gaba da dahuwa.

Na san ba mugunta ba ce. Uwa ta ruɗe, maƙwabta sun cika gida, kowa da maganinsa, kaka ta ce haka suka taso suka gani. Iya, Allah ya ƙara girma, ba raini ba ne, amma a nan ki bar mu. Waɗanda aka shafa wa suka warke su kike tunawa. Mu ne muke ganin waɗanda yatsunsu suka manne, da waɗanda gwiwar hannu ta ƙi miƙewa har girmansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna tana kashe mutum kusan 180,000 a kowace shekara, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. Ku ma iyaye maza, kada maigida ya tsaya a zaure yana cewa a shafa wani abu a gani zuwa gobe. Gobe ɗin ce take ɓata aikin.

Akwai kuma masu hana a sa ruwa, wai shi ke sa wurin ya yi bororo. Ba haka ba ne. Zafin da ya shiga fata ne ke kawo bororo, ruwan kuwa shi ke fitar da zafin. Ga abin yi, a gurguje:

- A zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a wurin, minti 20 cur, a duba agogo. Babu famfo? Buta ta isa, ko ledojin fiya wata.
- Ban da ƙanƙara, ƙara lalata fatar take yi.
- A cire riga, awarwaro, zobe da guru kafin wurin ya kumbura. Tufan da ya manne a bar shi.
- Kada a fasa bororo.
- A rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi ko sabuwar leda, ba auduga ba. Sauran jikin a lulluɓe shi, kada sanyi ya kama yaron.
- A ci gaba da ba shi nono da ruwan sha.

Sannan a taho asibiti, musamman idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannun yaron, ko tana fuska, hannu, ƙafa, gaɓa ko al'aura, ko wutar lantarki ce. Jariri kam ko yaya take a kawo shi. Idan wurin ya yi fari ko baƙi kuma yaron bai damu a taɓa ba, kada ku ce da sauƙi, wannan ce mai zurfin. Ku zo da katin rigakafinsa. In har an riga an shafa wani abu, ku faɗa mana gaskiya, za mu yi ɗan faɗa amma za mu yi aikinmu.

Sauran kun san su. Murhu da kurfoti su yi nesa da inda yara ke wasa, mai suyar ƙosai ko awara ta sa wani ya riƙe mata ɗan rarrafe, kada a sha kunu mai zafi da yaro a cinya, a fitar da kaskon wuta kafin a kwanta. Ruwan wanka kuma a fara zuba na sanyi a bokiti, sannan na zafi, a taɓa da gwiwar hannu kafin a kira yaron.