Waiwaye: Yadda Sirrin Ɗakin Aure Ya Tashi Daga Bakin Aluwanka Ya Koma Kwalba a Zangon Kumasi

Wanda ya ratsa unguwar Alabar ko Aboabo a Kumasi bayan la'asar ya san teburin masu maganin ɗakin aure: robobin ruwa da aka sake cikawa da jiƙo ja-ja, garin magani ƙulli-ƙulli a leda, zuma, da goron tula a faranti. Gefe guda na maza, gefe guda na mata. Mai saye ba ya kiran sunan damuwarsa. "Malam, a ba ni irin na rannan," ko kuwa "Hajiya, amarya gare mu, a haɗa mata." A miƙa sidi, a karɓi leda baƙa. Ba a tambayar shekarun mutum, balle ko yana da ciwon suga ko matarsa na shayarwa.

Da can tambaya ake fara yi. Fataken goro da suka watsu daga Salaga bayan yaƙin basasar 1892, suka cika zangon Kumasi bayan Turawan Ingila sun shiga garin a 1896, sun zo da ƙofofi biyu na ilmin ɗakin aure. Ɗaya zauren malam. Ɗalibin da ya kai babin aure a Risala ta Ibn Abi Zaid zai tarar an yi maganar a fili: mijin da ya kasa kusantar matarsa ana ba shi shekara guda ya nemi magani, in bai warke ba tana da damar neman rabuwa. Wanda ya rantse zai ƙaurace wa shimfiɗarta kuwa, Alƙur'ani ya yanka masa wata 4. Ke nan biyan buƙatar mace haƙƙi ne da alƙali ke saurara. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya rubuta cewa miji ya gabatar da wasa da tausasan kalamai, kuma in ya riga ta biyan buƙata ya jira ta.

Ƙofa ta biyu ta aluwanka ce, dattijuwar da ke sa amarya a lalle, ta yi mata wanka, ta zauna da ita a ɗaka. Tana ba da tsimi da gumba, gaskiya ne, amma abin da ya fi su nauyi shi ne bakinta: abin da za a tarar a daren farko, yadda ake tsarki, wane zafi ne na sabo, wanne ne na a dawo a faɗa. Ta san gidan, ta san angon. Nakasun tsarin ɗaya ne, kuma babba: amarya kaɗai ake karantarwa. Ango sai abin da ya tsinta a bakin abokai.

Da biki ya gajarta, ma'aurata suka koma ɗakin haya nesa da gwaggo da inna, sai karatun ya ragu, kayan suka rage. Kayan mata daga Sakkwato da Zamfara, goron tula daga Tula ta jihar Gombe, humra da turaren wuta na Barebari, duk suka zama haja mai zaman kanta, daga baya WhatsApp da TikTok suka kai su har wayar matan da ba Hausawa ba. Masu ci da sha daga ciki, irin su dabino, aya, kwakwa da zuma, abinci ne. Ba sa cutarwa sai ga mai ciwon suga. Matsalar na ga na matsi. Gaban mace yana da ɗan tsami na halitta, tsakanin 3.8 da 4.5 a ma'aunin pH, wanda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke riƙewa. Alif, kanwa, miski ko garin da ba a san haɗinsa ba suna kashe su, su busar da fatar. Matsewar da ake ji kumburi ne da bushewa. Bayan kwana biyu sai ƙaiƙayi da ruwa mai ƙarni, a ce sanyi ne, a koma teburin nan a sayi maganin sanyi.

Ɓangaren maza ya juya ne a 1998, shekarar da Amurka ta amince da sildenafil, wato Viagra. Ƙwayar na aiki, shi ya sa masu haɗa jiƙo marasa tsoron Allah suka fara niƙa ta a ciki suna cewa zallar sassaƙe ne. Hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, ta sha gargaɗi kan haka, kuma dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana tallar maganin raunin mazaƙuta ga jama'a, kodayake mai lasifika a tashar mota bai fasa ba. Ga inda haɗarin yake. Likita yakan fara da miligiram 50, kamar awa ɗaya kafin saduwa, sau ɗaya a yini, iyakarta 100. Na cikin roba ba wanda ya auna. Mai shan ƙwayar ciwon ƙirji ta rukunin naitiret, irin wadda ake sa wa ƙarƙashin harshe, in ya haɗa ta da sildenafil jininsa na iya faɗuwa warwas. Miƙewar da ta wuce awa 4 ba jarumta ba ce, a tafi asibitin Komfo Anokye a daren, don jinkiri na iya kashe gaban gaba ɗaya. Wajen 2017 da 2018 kuma tiramadol ta mamaye unguwanni, samari na shan mai miligiram 225 don jinkirta kawowa alhali 50 da 100 aka yi wa rajista. Ƙarshenta jaraba, farfaɗiya, da mutuwar sha'awar da aka je gyarawa.

Mu kan ɗora komai kan basir, maƙwabtanmu Asante su ce kooko. Amma jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya siranta, don haka su ke fara toshewa. Magidanci mai shekara 45 da ƙarfinsa ke raguwa a hankali, awon suga da hawan jini ya fi masa amfani da kowane jiƙo. Akwai tambaya mai sauƙi da ke raba hanya: yana miƙewa da asuba? In yana yi, galibi jiki lafiya, fargaba ce ko saɓani. In ya daina, a duba jini, a kuma duba magungunan da yake sha, don wasu na hawan jini da na damuwa suna rage ƙarfi. Mace mai shayarwa ko wadda haila ta ɗauke mata, bushewa daga raguwar sinadarin isturojin ne, ba daga kishiya ba. Man santsi na kemis mai asalin ruwa ya wadatar. Man kaɗanya da Vaseline suna yaga kwaroron roba.

A can Amurka kuwa wani layin ya taso. A 1956 likita James Semans ya bayyana dabarar tsayawa da ci gaba ga mai saurin kawowa: in ya ji ya kusa, a dakata cak har abin ya lafa, a ci gaba, sau 3, a na huɗu a ƙarasa, a riƙa maimaitawa makonni. A 1970 William Masters da Virginia Johnson suka fito da tsarin da asibitoci ke bi har yau, kuma da miji da mata tare suke zama. Matakin farko a ajiye saduwa gaba ɗaya na mako ɗaya ko biyu. Sau 2 ko 3 a mako, a rufe ƙofa, a kashe waya, ɗaya ya shafa jikin ɗaya minti 15 ban da ƙirji da al'aura, sannan a yi musanya. Mataki na biyu a haɗa da wuraren da aka tsallake, wanda ake taɓawa ya ɗora hannunsa kan na mai taɓawa yana nuna masa. Sai a na uku a koma saduwa, mace ce ke riƙe da linzami. Hikimar ita ce fargabar "ko zan iya" ke kashe miƙewa, to an janye jarrabawar. Inda ake faɗuwa sananne ne: maigida ya ji ƙarfi ya dawo a dare na biyu ya karya sharaɗi, ko a gwada da ƙarfe 12 na dare bayan an gaji, yara na kwance a tabarma. A ɗaki ɗaya na gidan haya, neman lokacin da yara ke makaranta ma wani ɓangare ne na magani. A Gana, tun dokar 2013 masu ba da irin wannan shawara suna ƙarƙashin majalisar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasa, kuma mutum na da ikon tambayar lasisi kafin ya buɗe cikinsa.

Sabuwar tambayar da waya ta kawo ita ce ta wasannin da ba a saba ba: rufe ido, ɗaure hannu, kwaikwayon wani hali. Hukumar Lafiya ta Duniya, a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta cire irin wannan daga jerin larurar ƙwaƙwalwa muddin manya ne, da yardar juna, babu cutarwa. Malaman fiƙihu iyakoki biyu suka ja a sarari, saduwa ta dubura da lokacin haila, sannan ga ƙa'idar hana cuta. A aikace, ana tattaunawa ne da rana da tufa a jiki, ba a tsakiyar harka ba. A ware kalma guda da in an faɗe ta komai ya tsaya nan take. In za a ɗaure, da ƙyalle mai faɗi, a bar sararin yatsu biyu, almakashi a kusa, kuma ba a fita a bar mutum a ɗaure; yatsu suka fara sanyi ko mutuwa, a kwance. Shaƙe wuya ba shi da hanyar da ta kuɓuta, daƙiƙu kaɗan ke sa suma. Matar da ta yi shiru don tsoron a yi mata kishiya ba ta yarda ba, kuma dokar cin zarafi a gida ta 2007 ta shafi abin da ke faruwa tsakanin miji da mata, ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a gida, ke karɓar ƙarar.